Takardar Indijin da Sashe na 42: Me Doka Ta Ce, Ina 'Yan Siyasar Kaduna Suka Tsaya?

Kwanakin baya na raka 'yar maƙwabcina wata sakatariyar ƙaramar hukuma domin ta karɓi takardar shaidar asali, wadda kowa ya fi sani da indijin. A nan Kaduna aka yanke cibiyarta, a nan aka haifi mahaifinta. Kakanta ne ya zo daga wajen Ilori tun zamanin da aikin jirgin ƙasa ke ci, ya yi gida, ya mutu aka binne shi a garin nan. Hausa ce bakinta. Da muka isa gaban ma'aikacin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ɗaga fom ɗin ya duba sunan ƙarshe, sannan ya dube ta.

"'Yata, ina ne asalin mahaifinki?"

"Baba, nan Kaduna ne."

"Na ji. Shi kuma nasa mahaifin fa?"

Ta yi shiru tana murza gefen hijabinta. Dattijon bai yi mata tsawa ba, cikin taushin murya ya tura mata fom ɗin ya ce ba zai iya sa hannu ba, gara ta nema can inda kakanta ya fito. A hanyarmu ta dawowa ta tambaye ni: "Kawu, to ni 'yar ina ce?" Tambayar nan ce ta sa na koma na buɗe Kundin Tsarin Mulki.

Sashe na 42 na kundin 1999 shi ne ginshiƙin hana wariya a Najeriya, kuma yana cikin Babi na Huɗu, babin haƙƙoƙin da mutum ke iya kai ƙara kotu a kansu. Ya lissafa abubuwa shida: al'ummar da mutum ya fito, ƙabilarsa, wurin asalinsa, jinsinsa, addininsa, da ra'ayinsa na siyasa. Ya ce ba a yarda wata doka ko wani matakin gwamnati ya ɗora wa ɗan ƙasa takunkumin da ba a ɗora wa sauran ba saboda ɗaya daga cikin waɗannan. Akwai kuma ɓari na biyu da mutane kan manta: ba a yarda a ba shi wata gata ko fifikon da aka hana wasu ba saboda su. Wato doka ta hana danniya, ta kuma hana 'yan-ubanci. Ƙaramin sashe na 2 ya ƙara da cewa ba za a tauye kowa ba saboda yanayin haihuwarsa. Da wannan sashen ne Kotun Ƙoli ta yi aiki a 2014 a shari'ar iyalan Ukeje, inda ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta.

Sashen yana da 'yan'uwa. Na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar yawo da zama a duk inda ya so a Najeriya. Na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida a ko'ina. Na 38 ya ba shi 'yancin addini, na 10 kuma ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Idan a nan mutum ya tsaya da karatu, zai ce ai yarinyar nan tana da gaskiya ɗari bisa ɗari.

Sai dai kundin da ya rufe ƙofa shi ne ya bar taga a buɗe. Sashe na 14(3) ya kawo tsarin raba-daidai, ya ce kada 'yan wasu jihohi ƙalilan ko wata ƙabila su mamaye gwamnatin tarayya da hukumominta. Manufa ce mai kyau, kuma mu 'yan Arewa mun ci moriyarta. Amma da zarar an ce a raba wa jihohi, dole a tambaya wane ne ɗan jihar. Sashe na 147(3) ya ce shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalinta. Sashe na 318 ya fassara zama ɗan wata jiha da cewa mahaifi ko mahaifiya ko ɗaya daga cikin kakannin mutum ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Bai ce wace al'umma ce mai asali ba, bai kuma ce tun yaushe za a fara lissafi ba. Wannan giɓin ne ya faɗa hannun ƙananan hukumomi, su ke ba da takarda, su ke hanawa, bisa shaidar mai unguwa da dagaci da hakimi. Shi kansa sashe na 42 ya yi togaciya a ƙaramin sashe na 3: dokar da ta sa sharaɗi wajen naɗin muƙamin gwamnati, ko ɗaukar soja da ɗan sanda, ba ta zama haramtacciya saboda shi ba. Shi ya sa duk mai neman aikin ɗamara ko gurbin aiki a hukumar tarayya ake ce masa ya kawo indijin, kuma ba a karya doka ba.

A wasu jihohin wannan magana ce ta takarda kawai. A Kaduna magana ce da aka zubar da jini a kanta. Rikicin Zangon Kataf na 1992 ya taso ne daga batun sauya wa kasuwa matsuguni, amma abin da ke ƙarƙashinsa shi ne tambayar wa ke da ƙasa, wa ke baƙo. Kafin shi an yi na Kafanchan a 1987, bayansa aka yi na shari'a a 2000, na 2002, da na bayan zaɓen 2011. Duk wanda ya girma a garin nan ya san yadda Kogin Kaduna ya koma iyaka: Musulmi suka tattara suka koma Tudun Wada, Rigasa, Kawo, Kirista suka gangara Sabon Tasha, Narayi, Television. Babu dokar da ta yi wannan rabon, tsoro ne ya yi shi. Kuma kukan iri ɗaya ne ta kowane ɓangare. Bahaushen da kakanninsa suka shekara ɗaruruwa a Jama'a ko Zango yana cewa ana kiransa baƙo. Ɗan Bajju ko Atyap da aka haifa a Zariya yana cewa shi ma ba a lissafa shi a can.

Gwamnonin jihar kowa da hanyar da ya bi. Ahmed Maƙarfi, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ya ɗauki hanyar ba kowa nasa. Bayan rikicin 2000 ya tsara kotunan shari'ar Musulunci ga Musulmi da kotunan gargajiya ga masu bin al'adunsu, kusa da kotunan da aka gada, ya kuma ƙirƙiro masarautu ga al'ummomin kudancin jihar da suka daɗe suna neman cin gashin kansu. Wannan ya kwantar da ƙura sosai, kuma har yau ana yaba masa. Abin da ya biyo baya shi ne, idan sarauta ta ɗauki sunan ƙabila, wanda ba ɗan ƙabilar ba yakan ji kamar ɗan haya ne a garin da aka haife shi.

Nasir El-Rufa'i ya bi kishiyar wannan. A 2019 ya bayyana cewa gwamnatinsa ta soke bambanci tsakanin ɗan asali da baƙo, duk mazaunin Kaduna ɗan Kaduna ne, kuma zama a jihar shi ne ma'auni. Gwamnatin ta kafa hukumar yi wa mazauna rajista, ta kuma karkata ga kiran masarautu da sunan wuri maimakon sunan ƙabila. A ganina wannan matsayin ya fi kusa da abin da sashe na 42 ke nufi, kuma shi ne irin maganar da yarinyar nan take son ji. Amma shugabannin kudancin Kaduna da yawa ba su karɓe shi ba, kuma bai kamata a yi watsi da dalilinsu ba. Ƙaramar al'umma da ba ta da komai sai gonar kakanni tana ganin kalmar "ɗan asali" ita ce garkuwarta ta ƙarshe. Idan aka cire ta a lokacin da ake kai hare-hare ƙauyuka mutane na gudun hijira, wanda ya gudu zai ji kamar an share hanyar a gaje masa ƙasa ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ban da haka, furucin gwamna iyakarsa jiha. Ba ya canza sashe na 147 ko na 318, ba ya kuma hana hukumomin tarayya neman takardar da suka saba nema.

Batun mataimakin gwamna ma nan ya dosa. An saba haɗa Musulmi da Kirista, kuma ta wannan hanyar ce Patrick Yakowa ya zama gwamna a 2010 bayan an ɗauki Namadi Sambo mataimakin shugaban ƙasa, ya ci zaɓe a 2011, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Disambar 2012. El-Rufa'i ya fara da Barnabas Bala Bantex a 2015, sannan a zaɓen 2019 ya ɗauko Dakta Hadiza Balarabe, Musulma daga ƙaramar hukumar Sanga a kudancin jihar, yana cewa cancanta ya duba. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN da ƙungiyar SOKAPU ta al'ummomin kudancin Kaduna suka ce an ware su. PDP ta tsaya kan tsohon tsari, ɗan takararta Isa Ashiru ya ɗauki Sunday Marshall Katung. Uba Sani ya ci gaba da Dakta Hadiza a 2023, yana kuma nanata cewa gwamnatinsa ta kowa da kowa ce.

Me doka ta ce a nan? Sashe na 187 ya wajabta wa ɗan takarar gwamna ya fito da mataimaki, bai ambaci addini ba. Sashe na 177 da ya jera sharuɗɗan zama gwamna ya tsaya ga zama ɗan ƙasa ta haihuwa, shekara 35, jam'iyya, da karatun sakandare ko makamancinsa, ko asalin jiha bai nema ba. Don haka ba a karya doka ba. Masu ƙorafi suna kafa hujja da sashe na 14(4), wanda ya ce gwamnatin jiha da ta ƙaramar hukuma su yi la'akari da bambancin mutanen da ke ƙarƙashinsu domin kowa ya ji ana damawa da shi. Hujja ce mai nauyi, sai dai tana cikin Babi na Biyu, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta abin da ke wannan babin. Alƙalinta shi ne mai kaɗa ƙuri'a. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne sashen nan kaifi biyu gare shi: wanda ya ɗaga shi a Gidan Sir Kashim, wato gidan gwamnatin jihar, dole ya yarda a ɗaga masa shi a ƙaramar hukumarsa, inda 'yan tsiraru, Musulmi ne ko Kirista, kan shekara da shekaru ba su ga kujerar kansila ba.

Akwai inda sashe na 42 bai kai ba. Lafazinsa yana magana ne kan doka da matakin gwamnati, shi ya sa mai gidan haya da ya ce ba ya ba wani addini ko wata ƙabila ɗaki yake da wuyar kamawa da shi, duk da cewa wannan ce wariyar da aka fi cin karo da ita a Kaduna kullum. Wariya a wurin aiki kuwa tana da kotunta, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C ya ba hurumi. Nakasa ba ta cikin abubuwa shidan nan, sai da aka yi mata doka ta daban da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati ga masu buƙata ta musamman, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Kaduna ta yi tata dokar a 2021.

Wanda hukuma ta hana wani haƙƙi saboda asalinsa ko addininsa ko jinsinsa, sashe na 46 ya ba shi damar zuwa Babbar Kotu a jihar da abin ya faru, ko da barazanar tauyewar kawai ake yi. Ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun sauƙaƙa hanya: takardar buƙata, takardar rantsuwa, da hujjar lauya a rubuce, kuma ba a cewa lokaci ya wuce. Wani ma na iya shigarwa a madadin wanda aka zalunta. Mara hali yana iya neman lauya kyauta a hukumar tallafin shari'a ta ƙasa, ko ya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Abu mafi muhimmanci shi ne shaida. Idan aka hana ka, ka nemi a rubuta maka dalili, ka adana fom da rasit da sanarwar da aka liƙa, ka riƙe ranar da sunan ofishin. Maganar baki ba ta tsayawa a gaban alƙali.

Gyaran tushe kuwa yana Abuja, domin sai an taɓa kundin, kuma sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, cikinsu har da 'yan majalisarmu da ke zaune a zauren Lugga. A 2025 mataimakin kakakin majalisar wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara goma a wata jiha ko ya yi aure a cikinta damar zama ɗan asalinta, aka yi ta suka, ya janye shi.

Ita kuwa 'yar maƙwabcina, lokacin rufe fom ɗin da take neman takardar dominsa ya matso, mahaifinta bai ga ta zuwa kotu ba. Ya ranci kuɗin mota, suka tashi da asuba daga tashar Mando, suka nemo wani ɗan'uwan kakanta da ya tsufa ƙwarai ya tsaya musu shaida. Da ta dawo ta kawo min takardar a cikin leda na gani. Sunan garin da ke jiki sau ɗaya ta taɓa kwana a cikinsa, kuma da za ta karanta min shi sai da mahaifinta ya gyara mata lafazin.