Yaron da ya gudu daga gida ya kwana wajenka: abin da dokar Texas ta ce

A wajenmu, yaro in ya yi fushi da gida ya tafi gidan kawunsa, ba a ganin laifin kawu. Zai ba shi tuwo, ya kwana, washegari a je a ba mahaifinsa haƙuri. A jihar Texas ta Amurka, inda 'yan Najeriya ke da yawa musamman a Houston, wannan alheri na iya kai mutum gaban alƙali.

Sashe na 25.06 na kundin dokokin laifuka na jihar ya haramta ɓoye yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wanda ya bar gida ba da yardar iyayensa ko mai riƙonsa ba, kuma ya daɗe a waje ko ba shi da niyyar komawa. Haka wanda ya tsere daga hannun 'yan sanda ko gidan tsare kangararrun yara. Hukuncin kan kai ɗaurin shekara ɗaya, ko tarar dala 4,000, ko duka biyun. Cewa "ban san ƙaramin yaro ba ne" ba ya wanke mutum idan kowane mai hankali zai gane.

Dokar ta bar mafita biyu. Ta farko ita ce dangantaka, kuma a nan mutanenmu za su fi ruɗuwa. An yafe wa dangi na kusa har mataki na biyu kawai, kamar kaka, da wa ko ya, ko ƙane. Kawu da baffa da gwaggo da inna, a lissafin Texas, mataki na uku suke, don haka ba su shiga ba. 'Yan uwan da ake 'yan maza zar ko 'yan mata zar da su sun ma fi nisa. Maƙwabci kuwa, ko wanda kuke sallah masallaci ɗaya, bare ne a idon doka komai kusancinku.

Ta biyu ta fi sauƙi: cikin awa 24 da ganewarka cewa gudowa ya yi, ka sanar da 'yan sanda ko wani a gidansu. Ba a ce ka tura shi titi da tsakar dare ba. An ce ne kada ka yi shiru.

To idan yaron ya ce dukansa ake yi a gida? Ni a ganina kiran hukuma ya fi kiran gidan, domin a Texas duk wanda ke zargin ana cutar da yaro wajibi ne ya kai rahoto, ba malamai da likitoci kaɗai ba. Dokokin sauran jihohin na iya bambanta da wannan, wanda ya koma wata jiha sai ya duba dokar can.