Waiwaye: Yadda lungun Kano ya kuɓuce wa ɗan sanda

Duk lokacin da faɗan daba ya ɓarke a Ɗorayi ko Kurna ko Ƙofar Mata, muhawara takan koma kan dalilin da ya sa 'yan sanda ba sa isowa sai an gama sare-sare. Masu ƙorafin sukan yi magana kamar matsalar ta faro ne da ƙwacen waya na 'yan shekarun nan, alhali ta girmi yawancin yaran da ke riƙe da addunan.

Farkon labarin sananne ne. Mafarauta da 'yan tauri sun daɗe da dabarsu da manyansu, siyasar shekarun 1950 ta mayar da wasunsu 'yan banga, daga baya kuma ƙwaya da rashin aikin yi suka ƙara rura wutar.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne rushe 'yan doka, wato 'yan sandan En'e, hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki. Har zuwa 1966 tsaron cikin birni yana hannun 'yan sandan En'e ne, waɗanda 'yan gari ne, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da mai unguwa. Bayan sojoji sun karɓi mulki aka yanke shawarar shigar da su cikin rundunar tarayya, aka kuma kammala hakan cikin 'yan shekaru. Akwai hujja mai ƙarfi, domin an sha kukan ana amfani da su wajen musguna wa 'yan adawa. Sai dai ɗan doka ya san gidan su yaron da ya yi sara, ya san kawunsa, ya san wanda zai tsawata masa ya ji, kuma wannan sanin ba a yi masa magaji ba. Jami'in da ya maye gurbinsa ana iya turo shi daga kowace jiha, a kuma sauya masa wurin aiki tun bai gama gane lungunan da mota ba ta shiga ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage ikon masu sarauta, sannan sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da runduna guda ga ƙasa baki ɗaya.

Jami'in da bai san unguwa ba sumame ne makaminsa, sumame kuwa yakan haɗa mai laifi da ɗan kallo. Idan aka je kotu babu mai ba da shaida, domin maƙwabci ya san ofishin 'yan sanda yana nesa, 'yan ɗaukar fansa kuma suna bayan katangarsa. Yaro ya fito beli, unguwa ta ce an sake shi da gangan, mai tsegunta labari ya ja bakinsa ya yi shiru.

Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma, kuma ko a 2023 da aka karɓi tuban wasu 'yan daba a Kano, sai da aka nemi iyaye da masu unguwanni su shiga tsakani.