Lisp: Gudu, Aikin Zare da Hanyoyin Maimaitawa

Lisp dangi ne na yarukan rubuta manhajar kwamfuta wanda John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958 a jami'ar MIT da ke Amurka, kuma cikin yarukan da har yau ake aiki da su Fortran ne kusan kaɗai ya girme shi. Manyan 'ya'yan gidan su ne Common Lisp, wanda hukumar ANSI ta tsayar wa da ƙa'ida a 1994, da Scheme na Gerald Sussman da Guy Steele da ya fito a 1975, sai Clojure na Rich Hickey a 2007.

Zancen da aka fi yayatawa shi ne wai Lisp na da nauyin jiki, to gaskiya maganar ta tsufa. SBCL, wani kompailan Common Lisp (manhajar da ke fassara kod) wanda ya ɓalle daga wani kompailan mai suna CMUCL a 1999, kod ɗinka yake juyawa kai tsaye zuwa yaren inji kamar yadda kompailan C ke yi, abin da ke rage masa gudu shi ne idan ka ce ya haɗa lamba biyu bai san wace iri ba ce, ko ƙarama ce ko mai ɗigo ko kuma irin ƙatuwar nan da ba ta da iyaka, dole sai ya tsaya ya duba a kowane zagaye. Da zarar ka faɗa masa da umarnin declare cewa wannan fixnum ce (ƙaramar lamba marar ɗigo) waccan double-float ce (mai ɗigo), ka ɗaga saitin gudu na speed zuwa 3, shike nan binciken ya ragu sosai, har ma shi da kansa zai riƙa yi maka ƙorafi yana nuna layin da ya kasa gyarawa da dalilinsa. Akwai time na auna lokaci da memorin da aka ci, akwai disassemble da zai baje maka ainihin abin da injin zai karanta. Amma fa masu sauke safety, wato saitin binciken kuskure, zuwa 0 su yi hattara, in ka yi wa kompaila ƙarya kan nau'in lamba ba gargaɗi zai yi ba, manhajar ce za ta rushe ko ta ba ka amsar banza.

Inda aka fi yin asarar gudu ma wajen maimaitawa ne. Jerin Lisp sarƙa ce, kowace gaɓa ta gabanta kawai ta sani, don haka mai kiran nth (ɗauko abu daga jeri da lambarsa) a cikin dotimes (maimaitawa ta ƙirga) duk zagaye sai ya koma farkon sarƙar ya sake ƙirgowa, jeri mai abu 100,000 zai ci taku wajen biliyan 5, alhali dolist, mai bin jeri gaɓa-gaɓa, sau ɗaya zai ratsa shi ya gama. Inda ake yawan tsalle zuwa tsakiya kuwa vector, wanda ake iya kai wa kowane abu nasa kai tsaye, ya kamata a ɗauka tun farko. Akwai mapcar da reduce ga masu son salon fanshon, akwai tsohon do mai wuyar karantawa, sannan ga loop, wanda shi ƙaramin yare ne a cikin yare, da kalmominsa irin su for da collect da sum da until. An daɗe ana musu a kansa, wasu na cewa bai yi kama da Lisp ba sam, shi ya sa Jonathan Amsterdam ya rubuta Iterate mai yin aiki iri ɗaya da baka-bakan da aka saba, Richard Waters kuma ya yi wani laburaren maimaitawa mai suna Series. Ni dai a ganina loop ya fi sauƙin karantawa muddin bai wuce 'yan layuka ba. Wani tarkon kuma, ƙa'idar Scheme ta wajabta cewa fanshon da ya kira kansa a ƙarshe ba zai cika tari (memorin da ke riƙe kiraye-kirayen fanshon) ba, ita ta Common Lisp ba ta yi wannan alkawari ba, SBCL kan yi hakan amma in an ɗaga saitin debug na gano kuskure sama ya daina.

Batun gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda kuwa, ƙa'idar 1994 ko ambaton zare (thread, wato sashen manhaja da ke gudana tare da wasu a lokaci guda) ba ta yi ba, kowane kompaila da nasa tsarin. Laburaren Bordeaux-Threads ne ya haɗe su a hanya ɗaya ta buɗe zare da sa kwaɗo don kada zare biyu su taɓa abu ɗaya a lokaci guda, lparallel kuma ya hau kansa ya kawo irin su pmapcar mai raba aikin jeri ga duk ƙwaƙwalen furosesa. A nan a kula da bariyabul na musamman masu tauraro gaba da baya, ƙimarsu ta gama-gari duk zaruruwa ke gani, amma wadda ka ɗaure da let ta zaren da ya ɗaure ta ce shi kaɗai, sabon zare ba ya gadonta haka kawai. Clojure ta ɓullo wa matsalar ta wani gefen, bayananta ba sa canzawa bayan an gina su, canji sai ta wasu ma'ajiyoyi na musamman da ake kira atom ko ref ko agent, kuma tunda a kan JVM, wato dandalin gudanar da manhajojin Java, take zaune duk laburaren Java nata ne.

Laburare a Common Lisp da can wahala ce, sai ka bi ɗaya-ɗaya kana saukewa, har Zach Beane ya fito da Quicklisp a 2010, yanzu ql:quickload kawai za ka buga ya jawo laburaren da duk 'yan rakiyarsa, wani kayan aiki mai suna ASDF kuma ya harhaɗa su. Ta nan ake samun Alexandria na ƙananan kayan aiki, da CL-PPCRE na binciken rubutu, da Hunchentoot na sabar yanar gizo, da CFFI mai ba ka damar kiran kod ɗin C daga cikin Lisp.