Waiwaye: Yadda Kurket ɗin Gundumomin Ingila Ya Dawo a Shekarar Korona

A ranar 12 ga Afrilu 2020 ya kamata a buɗe gasar kurket ta gundumomin Ingila da Wales, wadda ake bugawa tun 1890, kuma rabon da shekara ta wuce ba a buga ta ba tun Yaƙin Duniya na Biyu. Sai korona ta sauka. Hukumar kurket ta Ingila da Wales, ECB, ta ce kowa ya zauna gida har 28 ga Mayu, ta ƙara zuwa 1 ga Yuli, daga ƙarshe ta tsayar da 1 ga Agusta. Sabuwar gasar The Hundred kuwa aka tura ta 2021.

Abin lura shi ne wanda aka fara ceta. Tun 8 ga Yuli tawagar ƙasar Ingila ta fuskanci West Indies, tawagar ƙasashen yankin Caribbean, a Southampton, 'yan wasa na killace a otal ɗin da ke cikin filin, ba mai shiga ba mai fita. Gundumomi 18 suna gefe suna jira. Dalilin kuɗi ne. Shugaban gudanarwar hukumar na lokacin, Tom Harrison, ya shaida wa 'yan majalisa cewa asarar na iya kai wa fam miliyan 380 idan kakar ta wuce ba wasa, kuma kuɗin talabijin daga wasannin ƙasa yake fitowa. Da shi ake ciyar da ƙananan gundumomin da kuɗin ƙofa ba ya riƙe su. Ni dai ban ga laifin hukumar ba, sai uwa ta ƙoshi ɗa ke samun nono. Amma ya tona wa kowa inda ƙarfin wasan yake. Kafin nan, galibin gundumomin sun sa 'yan wasansu cikin shirin gwamnati na biyan albashin masu zaman gida.

Da lokaci ya ƙure, sai aka ƙirƙiro gasar wucin gadi da sunan Bob Willis, tsohon kyaftin ɗin Ingila da ya rasu a Disamba 2019. Aka raba ƙungiyoyin gida uku, Arewa da Tsakiya da Kudu, shida-shida, don rage doguwar tafiya da kwanan otal. Kowace ta buga wasa biyar. An kuma taɓa dokoki saboda masu jifa da ƙarfi, waɗanda suka yi watanni ba atisaye, kada su ji rauni: aka rage oba, wato jifa shida a jere, daga 96 zuwa 90 a yini, aka taƙaita zagayen farko na bugun kowace ƙungiya ga oba 120. Shafa wa ƙwallo yawu don ta yi sheƙi ta karkace a iska, tsohuwar dabarar masu jifa, ita ma an haramta.

'Yan kallo fa? An shirya gwajin shigar da su a wasannin farko, sai ana gobe Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya soke. Magoya baya suka koma kallo kyauta ta intanet. A Satumba kuma aka watse daga wasan Gloucestershire da Northamptonshire tun ranar farko, bayan gwaji ya nuna wani ɗan Northamptonshire ya kamu.

Wasan ƙarshe a filin Lord's aka yi shi, daga 23 zuwa 27 ga Satumba. Essex da Somerset suka yi canjaras, amma kofi ya tafi Essex don ta fi maki a zagayen farko, inda ɗan wasanta Alastair Cook shi kaɗai ya ci maki 172. Somerset, wadda ba ta taɓa lashe gasar gundumomi ba, ta sake komawa gida a ta biyu. A watan ne ECB ta sanar da rage ma'aikata 62.

Tsarin gida uku ya ci gaba a 2021, sai a 2022 aka koma rukuni biyu da gasar ke da su kafin korona.