Wai me ake nufi da NPC? Bari in yi bayani da bikin Birnin Gawo

Kwanaki muna zaune a majalisa nan Yelwa, ƙanina yana ta danna waya sai na ji ya ce wa abokinsa "kai dai NPC ne wallahi", wai don yaron ya maimaita irin maganar da kowa ke yi kan ƙwallo. Na ce masa kai menene NPC ɗin? Ya ce "Yaya ai mutum ne mara tunanin kansa, duk inda aka kaɗa shi nan yake bi." To ba ƙarya ya yi ba, haka yara ke amfani da ita yanzu a TikTok da X, amma abun ya ɗan sosa min rai, don ni a teburin wasa na san kalmar, kuma a lokacin sati biyu kenan ina fama da NPC ɗin da zan zuba a bikin Birnin Gawo, wani gari na cikin labarin wasa da nake shiryawa abokaina.

Haruffa uku ne na Turanci, non-player character. In za a faɗa da Hausa, shi ne duk wani mutum na cikin labarin wasa wanda babu ɗan wasan da ke riƙe da shi. Amma wannan bayanin ba zai shiga ba sai an san wasan kansa.

Ka ɗauka tatsuniya ce, irin ta "ga ta nan ga ta nanku", sai dai masu cewa "ta zo mu ji ta" ba zama kawai za su yi ba, su ne jaruman labarin. Mutum huɗu ko biyar a zagaye da tebur (mu dai tabarma ce), kowa da takardar da aka rubuta wanene shi, wannan maharbi, wancan ɓarawo mai hannun sauri, waccan mai magani. Sai mutum ɗaya mai jan wasa, ana ce masa GM, a Dungeons & Dragons kuma DM. Shi zai ce ga inda kuke, ga abin da kuke gani, me za ku yi? Wannan Dungeons & Dragons ɗin shi ne uban tafiyar, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a 1974 a Amurka ƙarƙashin kamfanin TSR, a 1997 Wizards of the Coast suka sayi kamfanin, bugu na biyar da mu muke ɗan kwaikwayon dokokinsa ya fito a 2014. In ɗan wasa ya ce zai yi abin da ba tabbas zai yiwu, sai ya jefa dayis, irin ƙwayar ludo amma mai fuska 20, a haɗa da ɗan ƙarin da ke takardarsa, in ya kai lambar da mai jan wasa ya sa ya yi nasara. 10 abu mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya. Ni na zaga kasuwa ban samu mai fuska 20 ba, manhaja muke amfani da ita a waya. Kuma tun kafin wani ya tambaya, don Baba ya riga ya tambaya da ya leƙo ya ganmu, ba a sa ko sisi, ba caca ba ce.

To jaruman nan huɗu su ne PC, masu 'yan wasa. Duk sauran duniya, sarki da mai gadin ƙofa da tsohuwar da ke tallan goro da yaron da ya yanke maka aljihu, duk NPC ne, kuma mai jan wasa shi kaɗai yake magana da bakinsu gaba ɗaya.

Yadda aka yi ta koma zagi kuwa, wasannin kwamfuta ne suka ari kalmar. A can babu mutum a bayan NPC, an rubuta masa jimla biyu ko uku ne, ka je wurinsa sau goma zai faɗa maka abu ɗaya sau goma, wani ma ka gan shi yana ta tafiya yana karo da bango. A 2018 aka fara yaɗa wani zanen fuska mai launin toka a intanet ana kiran abokan hamayyar siyasa da NPC, a 2023 kuma aka yi yayin masu fitowa kai tsaye a TikTok suna maimaita kalma ɗaya kaman inji duk lokacin da aka tura musu kyauta. Wannan ƙanina ya sani. Na tebur daban yake, don akwai mutum mai jini a bayansa, kana iya yi masa tambayar da ba a shirya ba ya amsa, ya yi maka ƙarya, ya ji haushi.

Kuma babu inda ake gane haka kaman wurin biki. In jarumai suna cikin kogo ko daji aikin mai jan wasa da sauƙi, dodo ne ya fito a yi faɗa a wuce. Amma ka ce sun shigo gari ranar biki, ai ka ɗebo ruwan dafa kanka, mutum dubu ne a filin kuma kowanne ana iya tare shi a ce "Malam, don Allah tambaya."

Karo na farko na yi wauta. Na cika littafi guda da mutum ashirin da wani abu, kowa da sunansa da na ubansa da unguwarsu, har da wanda suke gaba da shi tun zamanin kakanni. Ranar wasa ba wanda ya kula ko ɗaya a cikinsu. Wani ya ce jaruminsa yunwa yake ji, ni kuma a take na ce ga wata tsohuwa can tana suyar masa, shikenan, minti arba'in suka yi a gindin tandarta, ni ina ta juya shafukan littafina kaman wanda ya yi karatun jarabawar da ba ita aka kawo ba.

Abin da ya gyara min tunani hawan sallah ne. Duk ɗan Bauchi ya taɓa tsayawa a hanyar fada yana kallo, to ka tambayi kanka me ka dawo da shi gida a kanka. Ba fuska dubu ba. Ƙura ce, da ƙarar kakaki da algaita, da ƙarar bindigogin gargajiya da ke sa yara toshe kunne, da dawakin 'yan lifidi, da jan kayan dogarai, da ƙamshin tsire. Mutane kuwa uku ne ko huɗu, wanda ya taka maka ƙafa, yarinyar da ta sayar maka da kunun aya ba ta da canji, wani mahayi da rawaninsa ya kusa warwarewa wurin jahi. Haka biki yake a cikin wasa ma. Taron jama'a sauti ne da ƙamshi, jimla uku sun isa, sai ka fito da fuskoki kaɗan ka yi musu aiki sosai.

Yanzu kowane NPC abu uku kawai nake rubuta masa a bayan kati: me yake so yau ɗin nan, me yake ɓoyewa, da wata ɗabi'a guda da zan iya kwaikwaya da murya ko hannu. Garin da na ƙirƙira sunansa Birnin Gawo, bikin kaka suke yi, kuma al'adarsu ba a buɗe rumbunan sabon hatsi sai an buga wani tsohon tambari kafin rana ta faɗi. Da asuba aka wayi gari babu tambarin. Sarkin dogarai yana son a samo shi ba tare da sarki ya ji ba, abin da yake ɓoyewa shi ne ɗansa ne ke gadi daren, kuma kullum yana magana yana gyara bulala a kafaɗa. Akwai sanƙira da ya san asirin kowa amma ba ya buɗe baki sai ya ji nauyin kuɗi a tafi, in ka hana shi sai ya yi maka zambo a bainar jama'a. Akwai gardi mai wasa da kura, ita kurar ce ta ga ɓarawon kuma tana magana, amma da dare kawai. Sai Iya mai masa, wacce dole na dawo da ita tunda sun riga sun ɗauke ta uwa, ita burinta a biya ta bashin da fadawa suka ci, kuma kowa "ɗan nan" take ce masa ko da furfura ce a gemunsa.

Lura da cewa ba wanda aka ajiye don ya tsaya yana jiran jarumai su zo. Kowa da sabgarsa. Shi ya sa nake rubuta lokaci a gefe, da hantsi kasuwa ta cika, rana tsaka a fara dambe, la'asar sarki ya fito, almuru a nemi tambari. Ko 'yan wasa sun motsa ko sun zauna cin masa, rana tana tafiya. Wannan shi ke hana biki ya zama kaman shago da ake bi rumfa-rumfa ana kallo.

Wasannin fili kuma a sauƙaƙa. Damben nan turmi uku na yi shi kaman na gaske, kowane turmi jifa ɗaya, wanda ya sha ƙasa an kashe shi, a wuce wurin. Amfaninsa ba cin kyauta ba ne, wanda ya yi nasara makaɗa za su wasa shi, sanƙira ya matso da kansa, ƙofar da take rufe ta buɗe.

Ita ma jama'ar filin na mai da ta NPC guda. Gyaɗa biyar nake ajiyewa a tsakiyar tabarma, in jarumai suka yi abin da ya burge mutane in ƙara ɗaya, in suka yi abin kunya ko jita-jitar ɓatan tambari ta ƙara yaɗuwa in ɗauke ɗaya, in ta ƙare fili ya hargitse. Matsalar kawai akwai mai cinye min gyaɗar in na juya.

Kuskure ɗaya da nake gani wurin sabbin masu jan wasa, mutum ya ƙirƙiri NPC ya ƙaunace shi har ya zama shi ke gano komai shi ke cin kowane faɗa, 'yan wasa su koma 'yan kallo. In har sarkin dogarai zai iya samo tambarin da kansa to me ya kawo mu tabarma?

Asabar ɗin da ta wuce na ja ƙanin nawa ya zauna, na ba shi ɓarawon nan mai hannun sauri. Ana cikin yi aka ɗauke wuta muka kunna fitilar waya. Shi da ya ce minti goma zai yi, sai ga shi ya durƙusa gaban Iya yana "Iya don Allah ki faɗa min wa kika gani da asuba", na ce jefa, ya jefa ya samu 4. Na gyara murya na ce "ɗan nan, masa ta ɗari biyu ka ci ba ka biya ba, kuma kake min tambaya?" Ya juya yana roƙon maharbi ya ranta masa kuɗi, maharbi ya ce shi ma sanƙira ya wanke shi tas. Gyaɗa biyu ta rage a tabarma, la'asar ta yi a Birnin Gawo, sarki ya sa ƙafa a likkafa, muka tashi a nan don goma ta wuce. Tun ranar Talata yake turo min saƙo a WhatsApp wai ita kurar in aka ba ta kilishi za ta yi magana da rana?