Gonar shinkafa na numfashi, ta yaya ake auna numfashinta?

Wace iska ce gona ke sha, wace take fitarwa?

Da rana ganye na zuƙar iskar kabon dayoksaid yana sakin tururin ruwa. Da dare kuma shuka da ƙasa su mayar da kabon sama. Gonar da ruwa ya kwanta a cikinta, irin na fadamar Argungu, tana da ƙari: ƙwayoyin halitta da ke cikin taɓo suna samar da iskar metan, mafi yawanta ta cikin karan shinkafar take bi ta fita. Metan kuwa ta ninka kabon kusan sau 28 wajen ɗumama duniya cikin shekara 100.

To abin da ido ba ya gani, ya za a auna shi?

Ka tsaya kusa da mata masu sheƙa, ka dubi ƙaiƙayi. Ba miƙe yake tafiya ba: ya murɗa, ya yi sama, ya dawo ƙasa. Haka iska take a kan gona, 'yan guguwa ne ƙanana da manya, kowace da guzurinta. Masana sai su kafa hasumiya a tsakiyar fili, su ɗora na'ura biyu. Ɗaya na amfani da sauti ta gane ko iska hawa take yi ko sauka, ɗaya kuma da haske take auna yawan kabon, metan ko tururin ruwa. Sau 10 zuwa 20 suke awo a cikin daƙiƙa guda, kwamfuta ta haɗa lissafin kowane minti 30. In iskar da ke hawa ta fi mai saukowa metan, an san gonar ce ke fitarwa, an kuma san nawa.

Ina wahalar take?

Dare. In iska ta kwanta lif, babu guguwar da za ta ɗauki kayan zuwa na'ura. Sai hazon hunturu, wanda ƙurarsa ke rufe madubin na'urar.

An taɓa yi a kusa da mu?

An yi. A 1992 an gudanar da binciken HAPEX-Sahel a Nijar, kusa da Yamai, a gonakin gero da filayen da aka bari su huta.

Manomin Kebbi me zai samu?

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Hasumiyar nan tana nuna yawan ruwan da gona ke sha a kullum. Mai noman rani da ke sayen fetur don injin ban ruwa zai san ranar da ya kamata ya kunna, da ranar da zai bar ƙasa ta ɗan tsane. Tsanewar nan kuma tana rage metan.