Kafin ku ɗaura kaya zuwa aikin tiyatar ƙwaƙwalwa

Kwanakin baya wani dattijo ya same ni a wurin aiki da takarda guda a ninke cikin aljihun babbar riga. An ɗauki uwargidansa hoton kai, an ga ƙari a ƙwaƙwalwa, an ce su nemi likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Ya riga ya sayar da sa, har ya kama wuri a mota. Na ce, "Baba, ina hoton?" Ya miƙo takardar ya ce, "Ga shi nan, 'yata." Na ce masa wannan bayanin hoton ne kawai. Hoton kansa, wato faifan CD da bangon nan baƙi da ake ɗagawa a haske, suna can gida ƙarƙashin katifa. Da ya tafi haka, da abu na farko da za a ce masa shi ne a sake hoto, kuma kowa ya san irin wannan hoton, wato MRI, ba kuɗin goro ba ne.

Likitocin da ke buɗe kai ba su da yawa a ƙasar nan, kuma a manyan asibitocin koyarwa suka taru. A Arewa akwai su a asibitin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jos, sai Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. 'Yan'uwanmu na Nijar galibi Yamai suke nufa. Saboda haka tafiya ta zama dole ga mafi yawanmu. Abin da ke damuna, mutane kan yi lissafin ranar aiki kaɗai, alhali ita ce mafi gajarta a cikin lamarin.

Ku fara cire wani tsoro: ba kowane ƙari ne ciwon daji ba. Akwai wanda ke tsirowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, yawancinsa ba daji ba ne, ana cire shi mutum ya koma gonarsa. Amma hoto ba ya yanke hukunci. Sai an ciro naman an duba shi a ɗakin gwaji, sakamakon kuma yakan ɗauki makonni. Shi zai nuna ko akwai gashi a gaba, wato ƙona ragowar ƙarin da na'ura, wanda ake zuwa kullum har tsawon kamar mako shida. Kun ga ke nan wanda ya yi guzurin kwana goma zai sha mamaki.

Ku riƙe takardar da likitanku ya rubuta ta turawa, da duk hotunan da aka taɓa ɗauka, tsofaffi da sababbi, domin a kwatanta girman ƙarin. Magunguna kuma a kwaso su cikin kwalayensu, har da na gargajiya, kada a ji kunya. Idan ana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, a faɗa tun da wuri. Maganin farfaɗiya da na rage kumburin ƙwaƙwalwa, irin su dexamethasone, ba a yanke su rana ɗaya, ko da mara lafiya ya ce ya ji garau. Idan farfaɗiya ta tashi a hanya, a tsaya, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ɗura ruwa.

Sai batun mai rakiya, inda muka fi yin kuskure. Mota kan cika da dangi, kowa na son a ga ya zo, bayan kwana uku duk su watse a bar tsohuwa ita kaɗai a baranda. Mutum biyu masu juriya sun fi goma masu zuwa dubiya: ɗaya ya zauna da mara lafiya, ɗaya ya yi zirga-zirgar biyan kuɗi da sayen magani, kuma a ciki a samu mai karatu da zai riƙa rubuta abin da likita ya ce. Matasan da za su ba da jini su zo lokacin da aka buƙace su. Mace baliga mai hankalinta ita ke sa hannun amincewa da aikinta, don haka a daina fitar da ita daga ɗaki ana shawara a kanta.

Masu niyyar Indiya ko Masar, ban hana ku ba. Amma ku fara ganin likitan ƙwaƙwalwa na gida, ku nemi kiyasin kuɗi a rubuce daga asibitin kansa ba daga bakin dillali ba. Indiya na neman katin rigakafin zazzaɓin shawara. Bayan aiki kuma ba a hawa jirgi sai likita ya yarda, domin iska kan saura cikin ƙoƙon kai, a sama kuwa tana buɗewa.

Ranar sallama kada murna ta sa ku fita hannu rabbana. Ku karɓi takardar bayanin aikin, da ranar cire zare, da ranar dawowa, da lambar da za a kira. In kun isa gida aka ga zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko ruwa garai-garai na ɗiga daga ɗinkin ko ta hanci, ko barcin da ba a iya tayar da shi, ko amai ba tsayawa, to ba a jiran wayewar gari. A nufi babban asibiti mafi kusa da takardun a hannu, a kira likitan da ya yi aikin tun ana hanya.